Dalilin Da Ya Sa Filin Jirgin Saman Bora Bora Yake Kan Wani Ɗan Tsibiri Na Daban

Wani mai karatu ya aiko da tambaya, ya ce ya ga hoton filin jirgin saman Bora Bora wanda aka ɗauka daga sama: titin jirgin shimfiɗe a kan wani siririn tsibiri, ruwa ta dama ruwa ta hagu, babban tsibirin da mutane ke zaune kuma yana can tsallake da dutsensa. Yana so ya san abin da ya hana a gina filin inda jama'a suke, da yadda ƙasar da aka ce ta murjani ce take ɗaukar nauyin jirgi ba ta lotsa ba, da yadda fasinja ke isa gari bayan ya sauka, da kuma ko teku ba zai cinye wurin wata rana ba.

Malam, tambayarka ta haɗa ilimin ƙasa da tarihin yaƙi da aikin injiniya a wuri guda, saboda haka sai ka yi haƙuri da tsawon amsar. Sunan wannan ɗan tsibiri da ka gani Motu Mute. A harshen mutanen Tahiti, kalmar motu tana nufin ƙaramin tsibiri maras tudu, irin wanda yashi da ɓaraguzan murjani suka taru suka samar. Bora Bora kuwa tana cikin rukunin tsibiran Polinesiya ta Faransa, a tsakiyar kudancin tekun Pasifik, sama da kilomita 200 arewa maso yamma da Papeete, babban birnin yankin, wanda yake a tsibirin Tahiti. Mazaunanta sun ɗan haura dubu 10, kuma babban garinsu shi ne Vaitape. Motu Mute yana ta arewacin babban tsibirin, tudunsa bai wuce kimanin mita 3 daga saman teku ba, titin jirgin da ke kansa kuma tsawonsa kimanin mita 1,500 ne. Babu gada tsakaninsa da gari, babu hanyar mota, duk wanda ya sauka sai ya shiga jirgin ruwa.

Kafin a fahimci abin da ya kai filin can, sai an san yadda wurin ya samo siffarsa. Mu Hausawa mun san murjani a matsayin jajayen duwatsun ado da mata ke ratayawa a wuya, kuma mun san ambatonsa tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Wancan jan murjanin dangi ne na wanda muke magana a kansa, sai dai wanda ke gina katanga a teku wani iri ne daban. Ƙananan halittu ne masu rai da ke zaune cikin tarin dubbai, kowace tana tsotso sinadarai daga ruwan teku tana gina wa kanta gida mai tauri na farar ƙasa, irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon katantanwa. Idan ta mutu gidan ya zauna, na bayanta su ɗora nasu a kai, a haka cikin dubban shekaru sai a sami dutse mai kauri. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne waɗannan halittu suna rayuwa ne tare da wani ƙanƙanin tsiro da ke cikin jikinsu, wanda yake haɗa musu abinci da hasken rana. Saboda haka ba sa iya gini sai a ruwa mai ɗumi, mai garau, maras zurfi, inda haske ke kaiwa.

Bora Bora asalinta dutse ne mai aman wuta da ya ɓullo daga ƙasan teku shekaru miliyan 3 da wani abu da suka wuce. Da wutarsa ta mutu, murjani ya kewaye gefensa kamar ɗamara. Daga nan dutsen ya fara nutsewa sannu a hankali saboda nauyinsa da kuma hucewar ƙasan tekun da yake zaune a kai, ruwan sama kuma yana ta zaizayarsa ta sama. Murjanin da ke gefe, da yake ba ya rayuwa cikin duhu, sai ya riƙa ginuwa sama yana biyo haske. Dutse yana ƙanƙancewa yana ja da baya, katangar murjani tana nan inda bakin gaɓar farko yake, har tazara ta buɗe a tsakaninsu ruwa ya cika ta. Wannan ruwan shi ne tafkin da ka gani mai launin shuɗi da kore a hoton. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, shi ne ya fara bayyana wannan tsari, bayan ya ziyarci Tahiti a 1835, ya kuma wallafa littafi kan katangun murjani a 1842. An daɗe ana gardama a kai, sai a 1952 da aka haƙa rami a tsibirin Enewetak na ƙasar Marshal, aka yi ta ratsa murjani har zurfin fiye da mita 1,200 kafin a tarar da baƙin dutsen aman wuta a ƙasa. Bora Bora tana tsakiyar wannan tafiya ce, domin dutsenta bai gama nutsewa ba: ƙololuwar Otemanu har yanzu tana da tsayin mita 727, ga ƙololuwar Pahia kusa da ita.

Su kuwa motu, igiyar ruwa ce ta gina su. Duk lokacin da teku ya fusata, musamman a lokacin mahaukaciyar guguwa, yakan farfasa murjani daga bakin katangar ta waje ya watso shi sama. Manyan ɓaraguzai su tsaya ta ɓangaren teku, ƙananan da yashi su gangara ta ɓangaren tafki. Tsuntsaye da ruwa su kawo iri, ciyayi su kama, bishiyoyin kwakwa su biyo baya. Abin da ya fito daga wannan aiki shi ne ƙasa doguwa, siririya, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, babu tudu babu kwari. Duk wanda ya taɓa neman wurin da zai shimfiɗa titin jirgin sama ya san cewa wannan siffar ita ce ake biɗa.

Babban tsibirin kuma akasin haka yake. Dutse ne ya cika tsakiyarsa, yana gangarowa da tsananin gangare har kusan bakin ruwa, abin da ya rage na fili sai wani ɗan siririn zirin ƙasa da ya zagaye gaɓar. A kan wannan zirin ne gidaje da makarantu da majami'u da shaguna da gonaki suke, a kansa ne kuma hanyar mota guda ɗaya mai tsawon kimanin kilomita 32 ta zagaye tsibirin. Titin jirgi yana bukatar miƙaƙƙen fili na kilomita ɗaya da rabi ko fiye, da faɗin da zai bar sarari a gefe biyu, sannan, abin da mutane da yawa ke mantawa, yana bukatar sararin sama da babu abin da ya tokare shi na tsawon kilomitoci gaba da baya, domin jirgi yana gangarowa ne a hankali, ba ya faɗowa daga sama kamar shirwa. Dutse mai tsayin mita 700 a kusa da titi haɗari ne ta fuska biyu: ga shi kansa a matsayin shinge, ga kuma yadda yake murɗa iskar da ta bugo shi ta zama mai juyi a bayansa. Da an nace sai an gina filin a babban tsibirin, da sai an tashi ƙauyuka, an fasa dutse, ko an cike wani sashe na tafkin, kuma duk da haka da filin bai kai na Motu Mute aminci ba.

Amma kyawun wuri kaɗai ba ya gina filin jirgi, sai an sami wanda ke da bukata da kuɗi da kayan aiki. Wanda ya kawo waɗannan abubuwa Bora Bora shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii, ranar 7 ga Disamba 1941, Amurka ta tsinci kanta tana bukatar hanyar da za ta riƙa kai sojoji da kaya Ostareliya da Niyu Zilan ta kudancin Pasifik, nesa da inda jiragen Japan ke kaiwa. Tafiyar daga mashigin Panama zuwa can doguwa ce ƙwarai, jiragen ruwa suna bukatar wurin shan mai a hanya. Bora Bora ta dace saboda tafkinta mai zurfi ne, yana ɗaukar manyan jirage, kuma ƙofa ɗaya tak yake da ita zuwa teku, mashigin Teavanui da ke yamma, wanda tsare shi ba shi da wuya. Ta fuskar siyasa ma hanya a buɗe take, domin tun Satumba 1940 tsibiran suka bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus tare da Birtaniya. Aka sa wa shirin suna Bobcat. Ayarin jiragen ya tashi daga Charleston a ƙarshen Janairu 1942, ya iso ranar 17 ga Fabrairu, ɗauke da dubban sojoji, adadin da ya ninka mutanen tsibirin na wancan lokaci.

Farkon aikin ya zo da wahala, kuma har yau ana koyar da shi a matsayin darasi kan shirya kaya. An loda jiragen cikin gaggawa, har kayan da ake bukata domin sauke sauran kaya suka kasance a can ƙasan rumbun jirgi, wasu kayan sun danne su. Tsibirin ba shi da matsayar da za ta ɗauki irin wannan nauyi, hanyarsa ba ta jure manyan motoci, ruwan sha ma bai wadata ba. Rukunin maginan sojan ruwa da suka yi wannan aiki su ne na farko da Amurka ta tura ƙetare daga cikin waɗanda daga baya suka shahara da sunan Seabees. Sun kafa tankunan mai, sun gyara hanya, sun ja manyan igwa guda 8 zuwa kan tuddai, waɗansunsu har yau suna nan suna tsatsa cikin ciyayi. Da farko jiragen sama masu sauka a kan ruwa ne kaɗai ke amfani da tafkin, sai daga baya aka ga bukatar titi na ƙasa, aka gina shi a Motu Mute aka buɗe a 1943. Ba a taɓa gwabza faɗa a Bora Bora ba, yaƙin ya yi nisa zuwa yamma, kuma aka rufe sansanin a Yuni 1946.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Tahiti, wadda ita ce cibiyar mulki, ba ta da filin jirgin sama na kan tudu a lokacin, domin ita ma matsalarta ɗaya da ta Bora Bora: dutse a tsakiya, siririyar gaɓa a gefe. Saboda haka da aka gyara titin Motu Mute aka fara jigilar fasinja a 1958, manyan jiragen da ke zuwa daga ƙetare a nan suke sauka, sannan a kwashi mutane a jirgi mai sauka kan ruwa a ƙarasa da su Papeete. Wato wannan ɗan tsibirin da ka gani shi ne ƙofar ƙasar gaba ɗaya na wani lokaci. Sai a 1960 aka fara amfani da filin Faa'a kusa da Papeete, wanda shi ma ba a sami filin da za a ɗora shi ba sai da aka cike bakin teku a kan murjani. Titinsa ya haura mita 3,400, kuma tun daga lokacin shi ke karɓar jiragen ƙetare, Motu Mute ya koma filin cikin gida.

Batun ko ƙasar murjani tana ɗaukar nauyi, a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna jin kalmar yashi sai su ɗauka irin rairayin da ƙafa ke nutsewa a ciki ne. Ƙarƙashin motu akwai dutsen katangar kanta, wanda ya daɗe da sandarewa. Abin da ke samansa kuma, wato ɓaraguzan murjani, yana daga cikin kayan shimfiɗa masu kyau idan an san yadda ake sarrafa shi. Gutsattsarinsa masu kaifi ne, ba mulmulallu ba ne kamar tsakuwar rafi, saboda haka idan aka danne su sai su sarƙe da juna. Sannan da yake jikinsu na farar ƙasa ne, idan aka jiƙa su aka bi da injin daɓe, garin da ya fita daga jikinsu yakan cike ramukan da ke tsakani ya kama, har shimfiɗar ta yi tauri kamar an zuba mata siminti kaɗan. Maginan Amurka sun dogara da wannan a faɗin Pasifik, inda babu wurin fasa dutse kuma jigilar tsakuwa daga nesa ba mai yiwuwa ba ce. Wani alfanun kuma shi ne ruwan sama ba ya kwanciya a kanta, yana zurarewa ƙasa nan take. Duk injiniyan hanya ya san cewa laka mai kumbura da damina ta tsage da rani ta fi wannan ƙasa ba da ciwon kai nesa ba kusa ba. Raunin murjani shi ne yana gogewa ya zama ƙura idan taya ta yi ta bin kansa a tsirara, ƙura da tsakuwa kuma abokan gaba ne na farfela da injin jirgi, shi ya sa ake rufe shi da kwalta. Haka nan dutsen katanga yakan kasance da kogo a ciki nan da can, don haka ba a ɗora nauyi sai an haƙa an gwada.

Ainihin abin da ke gajiyar da masu kula da irin wannan fili shi ne ruwa da gishiri. Idan ka haƙa rami a motu, kafin ka yi nisa ka tarar da ruwa, kuma wannan ruwan yana hawa yana sauka tare da cikowar teku da janyewarsa. Ruwan saman da ya zurara ƙasa, da yake ya fi na teku sauƙin nauyi, yakan taru ya yi iyo a kan ruwan gishiri a cikin yashin, kuma shi ne rijiyar tsibirin, shi bishiyoyi ke sha. Wannan taska siririya ce, man jirgi kaɗan da ya zube ya isa ya ɓata ta, haƙa mai zurfi kuma yana iya huda ta gishiri ya shigo. An ga misalin haka a Funafuti, babban birnin ƙasar Tubalu, inda sojojin Amurka suka haƙi manyan ramuka domin samun kayan cike titin jirgi a lokacin yaƙin. Ramukan suka zauna shekara 70 da ɗoriya cike da ruwan gishiri da shara a tsakiyar gidajen mutane, sai a 2015 aka cike su da tallafin Niyu Zilan. Duk lokacin da aka yabi saurin da aka gina filayen yaƙi da shi, ya kamata a tuna da waɗanda suka zauna da ramukan. Gishirin da iska ke ɗaukowa daga igiyar ruwa kuwa ba ya barin ƙarfe: shingen waya, fitilun titi, motar kashe gobara, rodin da ke cikin kankare, duk suna tsufa kafin lokacinsu, kuma kowane kayan gyara sai an yi masa fito.

Alkiblar titin ba a zaɓe ta da ka ba. Lambobin da ke rubuce a bakinsa biyu su ne 11 da 29, ma'anarsu ita ce yana fuskantar kimanin digiri 110 ta gefe ɗaya, digiri 290 ta ɗaya gefen, wato daga gabas maso kudu zuwa yamma maso arewa. Jirgi yana son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, domin hakan na rage gudun da yake bukata a ƙasa, ya rage tsawon titin da zai ci. Iskar da ta fi kaɗawa a wannan sashe na Pasifik daga gabas da kudu maso gabas take zuwa, har da mai ƙarfin nan ta lokacin sanyinsu da suke kira mara'amu. An yi dace shimfiɗar motun ta ba da damar a miƙe titin kusan daidai da ita.

Tsawon titin shi ne ke yanke hukuncin wane jirgi zai zo. Kamfanin Air Tahiti, da Air Moana da ya shigo harkar a 2023, suna amfani da jiragen ATR masu farfela biyu, wanda babbansu ke ɗaukar fasinja kimanin 70 kuma yana bukatar wajen mita 1,300 domin tashi da cikakken kaya. Tafiyar daga Papeete kimanin minti 50 ce. Babban jirgin da ke tsallaka teku daga Los Angeles cikin awa 8 yana bukatar kusan ninki biyu na titin Motu Mute, balle a wuri mai zafi inda iska ba ta da kauri, fuka-fuki ba sa samun abin riƙo sosai. Shi ya sa duk baƙon da ya fito daga Turai ko Amurka sai ya sauka a Faa'a ya canja jirgi. Sannan inda kwalta ta ƙare, ruwa ba shi da nisa. Ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya sun bukaci a bar sarari bayan ƙarshen titi saboda jirgin da ya zarce, sun kuma bukaci filin da ke bakin ruwa ya tanadi hanyar ceto a cikin ruwa. A irin wannan fili, jirgin ruwan ceto yana da matsayi ɗaya da motar kashe gobara.

Idan fasinja ya sauka ya ɗauki jakarsa, ƙofar da zai fita ta cikinta a kan matsayar jiragen ruwa take buɗewa, inda a wani filin zai tarar da layin tasi. Akwai jirgin fito da ke kai mutane Vaitape, tafiyar minti 15 zuwa 20 a cikin tafkin, kuma ana daidaita tashinsa da lokutan jiragen sama. Manyan otal-otal, waɗanda yawancinsu su ma a kan wasu motu suke, suna aiko da nasu jiragen su ɗauki baƙinsu kai tsaye, har wani baƙon ya gama hutunsa bai taka babban tsibirin ba. Ga mai yawon buɗe ido, wannan fiton wani ɓangare ne na abin da ya biya kuɗi ya zo gani. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan ƙasa. Ma'aikacin filin kullum sai ya tsallaka ruwa da asuba ya dawo da yamma. Mai ciwon da ya fi ƙarfin asibitin tsibirin, wanda za a kai tsibirin Raiatea da ke kusa ko Papeete, sai an fara sa shi a jirgin ruwa kafin a kai ga jirgin sama, ko ana ruwa ko ana iska. Wanda zai yi tafiya dole ya ƙara lokacin fito a kan lokacin da aka ba shi. Sauƙin da ake da shi shi ne katangar murjani tana karya ƙarfin igiyar teku, ruwan tafkin yakan kasance a kwance yawancin kwanakin shekara. Kaya masu nauyi kamar siminti da mai da buhunan abinci kuma ba ta filin suke bi ba, jiragen dakon kaya ne ke shigo da su ta mashigin Teavanui.

Za ka iya cewa me ya hana a yi gada a huta. An yi haka a wani wuri, kuma kwatancen yana da amfani. A ƙasar Maldibs, wadda tsibiran murjani ce gaba ɗayanta a tekun Indiya, babban filin jirgin yana kan tsibirin Hulhule, kusa da Male, babban birnin. Shekaru da dama sai da jirgin ruwa ake tsallakawa, har aka buɗe gadar Sinamale a Agusta 2018 da kuɗi da maginan Sin, aka kuma cike teku aka shimfiɗa sabon titi mai tsawon mita 3,400. Amma Male birni ne mai cunkoso da ke ɗauke da mutane fiye da dubu 100, filin kuma shi ne ƙofar ƙasa sukutum, tazarar da ke tsakani ba ta da yawa. A Bora Bora lissafin ya sha bamban. Mutanen kaɗan ne, tafkin yana da faɗi da zurfi, kuma tafkin nan shi ne dukiyar da kowa ke ci daga gare ta, daga masunci har mai aikin otal. Gina ginshiƙai ko cike ruwa yana tayar da laka, laka kuma tana toshe hasken da murjani ke rayuwa da shi, tana kuma canja yadda ruwa ke zagayawa. A ra'ayina, gajartar titin da rashin gadar suna yi wa tsibirin wani aiki da ba a cika lura da shi ba, domin suna iyakance yawan mutanen da za su iya kwararowa a rana guda zuwa wurin da ruwan shansa da wurin zubar da shararsa ƙalilan ne. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne a tabbatar da jirgin fito mai aminci da kuma hanyar fitar da marar lafiya cikin gaggawa a kowane lokaci.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma ita ce mafi nauyi. Ruwan tekunan duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun daga 1900, kuma a shekarun nan yana hawa da fiye da milimita 3 a shekara. Fili mai tudun mita 3 ba zai nutse da wannan a gobe ko jibi ba. Haɗarin yana zuwa ne a ranar da mahaukaciyar guguwa ta haɗu da cikar teku, igiya ta tsallake katanga ta watso duwatsu da ruwan gishiri a kan titi, kuma kowane santimita da teku ya ƙaru yana sa irin wannan rana ta riƙa maimaituwa da wuri. Tsibiran yankin sun ɗanɗana guguwar Osea a 1997 da Oli a 2010, filin Hulhule ma ruwa ya haye shi a ambaliyar tsunami ta Disamba 2004. Akwai wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda ya kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi na ƙananan tsibirai 27 a Pasifik, ya gano cewa mafi yawansu ba su ragu ba, wasu ma sun ƙaru, domin igiyar da ke zaizaye wannan gefe tana tara yashi a wancan. Sai dai wannan labari mai daɗi yana da sharaɗi biyu. Na farko, tsibirin da aka bari yana iya matsawa ya sake siffa, amma kwalta ba ta matsawa, kuma bangon da ake ginawa domin kare ta yakan hana yashi yawonsa ya tura zaizaya zuwa gaba. Na biyu, sabon yashin daga rayayyen murjani yake fitowa, zafin ruwa kuma idan ya wuce kima na 'yan makonni yakan sa murjani ya kori tsiron da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, idan abin ya daɗe ya mutu. Katangar da ta mutu tana daina girma, tana farfashewa, igiya ta riƙa isowa gaɓa da ƙarfin da a da ake karya mata tun daga nesa. Saboda haka masu kula da irin wannan fili suna da aiki a wuri biyu: a kan titin, inda ake ɗaga shimfiɗa idan an zo sabunta kwalta, a gyara magudanan ruwa, a ɗauke na'urorin lantarki daga ƙasa, da kuma a bakin katangar, inda ake hana haƙar murjani da zubar da ƙazamin ruwa domin halittun su ci gaba da gini.